'Yar Tsana Marar Baki

A babban yatsana na hannun dama akwai wani farin tabo dogo, kamar an ɗora tsinke an danna. A lakwal, wato makarantarmu ta boko, na ba da labarinsa kala-kala. Na ce kunama ce mai girman zakara. Na ce wayar lantarki na kama don in ceci ɗan akuya. Akwai wani yaro a ajinmu da har gobe ya yarda cewa kura na shaƙe a hanyar Kurni. To yau ga gaskiya ba gishiri: ƙusa na ciro daga cikin garwashi da hannuna, ta yi ja zur, ina ɗan shekara tara, kuma ba wanda ya aike ni. Ihun da na yi, sai da jakunan garin Kance suka amsa.

Ƙusar ta kakata ce, kuma sai na faɗi wace ce kakata kafin a gane abin da ya kai hannuna wuta.

Ita ta haifi uwata. A hannunta na tashi a nan Matameye, domin uwata ta rasu a gidan aurenta a Kurni ina goye, babana kuwa yana Ikko yana tura baro, ya zo da ruwan farko, ya koma da an gama girbi. Gidan da muke ciki na Kawu Habu ne, ƙanin uwata, shi da matarsa da 'ya'yansa masu cin tuwo kamar fara. Ɗakin Kaka yana can ƙurya kusa da turken awaki, kuma a nan nake kwana. Ba ta kirana Sabi'u sai na yi laifi. Maigida take ce mini.

"Maigidan banza," in ji ta, "ko gishiri ba ka taɓa sayo mini ba."

"Ai sakin ki zan yi, in auro mai haƙora."

"Sai ka fara koyon wanke wuyanka tukuna."

Kaka 'yar masassaƙi ce daga Yauri. Ubanta turmi da akushi yake yi, bai samu ɗa namiji da ya rayu ba, sai ita ta tashi tana tsintar guntayen icce a gindinsa tana fere su da wuƙa. Maza sun yi ta dariya, wai mace da gizago. Ita kuwa cewa take gizago bai taɓa tambayarta ko ita wace ce ba. Ba ta yin turmi. 'Yan tsana take yi, tsawonsu daga yatsa zuwa gwiwar hannu, kuma duk wanda ya ɗauka wasan yara ne bai ga yadda take yinsu ba.

Iccen danya ta fi so. Da rani ake saro mata reshe, ta jingine shi a inuwa ya bushe a hankali, domin wanda rana ta busar tsagewa yake yi. Ba ta taɓa barin tsakiyar icce ta faɗo a fuska, ta ce nan tsaguwa take farawa. Sai ta fitar da siffa da ɗan ƙaramin gizagon ubanta, ta bi da wuƙa, ta goge da yashi mai laushi har ka taɓa ka ji kamar kuncin jariri, sannan ta shafe da man gyaɗa. Gashi da baƙin zare take yi, ta kitsa shi kitso na gaske, har da tsaga a tsakiya. Zane da riga daga ƙyallen da tela ya zubar. Ido da gira da tsagar gado kuwa da ƙusa mai zafi take zana su, ƙusar da ta soke a totuwar masara don ta sami mariƙi. Wasu takan ba 'yan mata, wasu a saya ran kasuwa, amma waɗanda suka fi kyau cikin wani tsohon kwando take ajiye su a ƙarƙashin gado.

Tana da doka ɗaya da ba ta karyawa. Baki shi ne ƙarshen aiki, kuma ba ta yi wa 'yar tsana baki sai ta ba da labarinta a gaban mutane. "Wanda ba a san labarinsa ba," in ji ta, "me zai yi da baki?"

Shi ya sa lokacin sanyi, da an sallame isha, sai ta haɗa karan gero a ƙofar ɗakinta ta hura, ta cusa kan ƙusar cikin garwashi, ta jawo kwandon. Kafin hayaƙi ya miƙe yaran unguwa sun cika tsakar gida, kowa ya duƙunƙune cikin zanen uwarsa. Ni ke zama daf da ita, don ni ne maigida, kuma don in an gasa gyaɗa ni ke fara samu. Sai ta ɗaga sabuwar 'yar tsana a hasken wuta, fuska cikakkiya ba baki, ta ce:

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata wuri."

Mu ce, "Ta iso, tabarma tata ce!"

Wadda na fi riƙewa ita ce ta Bawa mai goran iri. Ɗan gajere ta sassaƙa shi, da tumbi, da ɗan gora rataye a kafaɗa wanda bai fi ƙwallon dabino ba. Ta ce Bawa wani manomi ne da ubansa ya bar masa gadon irin gero cikin gora, iri ne wanda zangarniyarsa ɗaya sai jaki ya durƙusa. Bawa ya toshe bakin goran da yumɓu ya rataye a ɗaka. Ruwan shuka ya sauka, matarsa ta ce a ciro irin. Bawa ya leƙa waje ya taɓe fuska ya ce wannan yayyafin bai kai darajar irin Baba ba. Ya je ya aro na maƙwabta ya shuka. Wata shekarar ya ce ruwa ya yi yawa, zai ruɓar masa da shi. Wata kuma ya ce ya ji ƙishin-ƙishin fara na tafe. Kullum kafin ya kwanta sai ya sauko da goran ya girgiza a kunnensa, ya ji caka-caka, ya yi barci yana murmushi.

A nan Kaka takan ɗauki gwangwanin gyaɗa ta girgiza a kunnen duk wanda ya fara gyangyaɗi.

Shekaru suka tafi, ƙarar goran tana raguwa. Bawa ya ce ai iri ne ya yi hankali, ya daina surutu. Sai da furfura ta rufe shi sannan aka yi wani ruwa da ko shi bai sami abin kushewa ba. Ya tara gari, ya ɗauko makaɗi, ya fasa yumɓun, ya kifa goran a tafin hannunsa. Gari ne ya zubo, baƙi, mai wari. Can sai ga wani ƙwaro ya fito a ƙarshe, ƙato, yana share baki.

Kaka ta kumbura kumatu ta yi muryar ƙwaron: "Sannu Bawa. Mun gode da ajiya."

Ta maƙale murya ta yi ta Bawa: "Kai, ta ina ka shiga? Na toshe ko'ina!"

"Ban shiga ba. Tare da irin ka rufe ni."

Muka fashe da dariya har wani ya taka wutsiyar akuya. Kaka ta ciro ƙusar, ta danna ta a fuskar Bawa ta juya, hayaƙi ya tashi da ƙamshin danya, sai ga baki zagaye, buɗe, na mutumin da aka cuta. Ta ce, "Na sauke ta a nan, mai kwaɗayi ya lashe tukunyar." Aka watse. Ni abin da na ɗauka daga labarin a lokacin shi ne kada in ajiye gyaɗata sai gobe.

To a can ƙasan kwandon akwai wata da ba ta taɓa fitowa gaban wuta ba. Ta fi duka kyau. Doguwar wuya, kitso ƙanana kamar an zana da allura, bille ɗaya a kuncin hagu, zane shuɗi na ainihin atamfa ba ƙyallen tela ba. Iccen ya yi duhu ya yi sheƙi don yawan shafa. Ba ta da baki. In na tambaya, sai Kaka ta ce, "Waccan ba ta nuna ba," ta mayar da ita ƙasa.

Rabi ce ta faɗa mini, babbar 'yar Kawu, ranar da muka yi faɗa kan ƙosai.

"Kai wawa ne wallahi. Kana kwana da uwarka a ƙarƙashin gado ba ka sani ba."

"Uwar wa?"

"Taka mana. Ba ka ga billen ba? Zanen ma nata ne, daga kayanta aka yanko. Bayan ta rasu Kaka ta yi ta."

Ni ban san fuskar uwata ba. Hotonta ɗaya da aka ce akwai yana cikin wayar babana da aka sace a Ikko. In na tambayi mutane, sai su ce mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta, abin da na ji an faɗa har a kan wani ɓarawon tumaki da ya mutu a unguwarmu. Kawu yana yaro aka yi mata aure, babana kuwa da an ambace ta sai ya tuna yana da wurin zuwa. Wadda ta san ta ciki da bai ita ce Kaka. Amma uwata 'yar farinta ce. Irin su Kaka, mutanen da, ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa yabonsa, ko ciwo yake yi sai su kau da kai a bar wata ta duba. Kunya ce, kuma a wurinsu ita ce mutunci. An ce ko ranar da aka zo da labarin rasuwar, Kaka tana daka, ta ce Allah ya ba mu haƙuri, ta ƙarasa dakanta. Ban taɓa jin sunan uwata a bakinta ba. Waccan, shi ke nan.

Sai na yi lissafi irin na mai shekara tara. Doka ta ce in an ba da labari sai a yi baki. To in an yi baki, ai dole a ba da labari. Wata ranar da aka watse Kaka ta zagaya bayan gida, na jawo kwandon, na ciro marar bakin nan, na kai hannu ga ƙusar. Ashe totuwar ta ƙone ta faɗi. Na damƙi ƙarfen tsirara, na kai shi fuskar kafin zafin ya iso kaina, kan ƙusar ya goge haɓarta, sannan na saki komai na buɗe maƙogwaro.

Kaka ta zo da gudu, abin da ban taɓa sanin tana iyawa ba. Ta tsoma hannuna a randa, ta shafa mini man kaɗanya, ta kori duk waɗanda suka fito kallo. Sai da gida ya yi shiru ta ɗauki 'yar tsanar daga ƙasa, ta hure mata toka. Ga ɗan baƙin tabo a haɓa, kamar ƙwayar gero. Ta daɗe tana goga shi da babban yatsa. Na jira duka, bai zo ba.

"Ka yi mata tabo," in ji ta.

"Labarinta nake so."

"Sai ka girma, maigida."

"Ai na girma!"

"Wanda ya girma ba ya kama wuta da hannu."

Na yarda da wannan alkawari kamar yadda ake yarda da fitowar rana. Duk shekara in sanyi ya shigo sai in tsaya a gabanta in miƙe wuya in ce ta duba, na girma. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce saura kaɗan.

Ina ɗan shekara goma sha biyu damina ta yi mana gardama. Gero ya fito ya tsaya a gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin wata damina ta zagayo rumbun Kawu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen suna shirin tafiya ci-rani. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. A wannan lokacin ne wani Alhaji daga Damagaram ya fara zuwa ran kasuwa da farar mota, yana sayen tsofaffin kaya: akushin da ya tsage, sirdin da gara ta ci, tsohuwar ƙofar rumbu. Yana kai wa wasu a Yamai, su kuma su tura ƙasashen waje wurin masu tara irin waɗannan abubuwa. Komai aka nuna masa sai ya ce tsoho ya fi, har yara suka sa masa suna Alhaji Tsoho-ya-fi. Na tabbata da za a kai masa kakar wani a buhu sai ya taya.

Kawu ya kai masa 'yar tsana ɗaya ya gani. Da la'asar sai ga farar mota a ƙofar gidanmu.

A zaure aka yi abin. Kawu ya fito da kwandon da kansa, Kaka ta biyo shi tana dogara bango. Maƙwabta biyu sun shigo ganin baƙo, ni kuma na maƙale a bakin ƙofa.

"Sannu Hajiya," in ji Alhaji.

"Ban je ba tukuna."

"Allah zai kai ki. Kai, wannan hannu! Wannan hannu!"

Ya riƙa jera su a tabarma yana juya kowace, yana shinshinawa. Da ya kai ƙasan kwandon sai ya ciro mai shuɗin zanen nan. Ya ɗaga ta wajen haske, ya shafa wuyan, ya taɓa tabon haɓar.

"Wannan fa, Iya? Me ya sa ba ta da baki? Wace ce?"

Ga maza huɗu a zaune, ɗaya baƙo, ɗaya ɗan cikinta. Kaka ta kalli bango.

"Icce ne," in ji ta.

Ba zan yi wa Kawu ƙarya ba, ko da yake ina iyawa. Ya san ko wace ce. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Inna, in akwai wadda ba ki so a tafi da ita, ki cire. Alhaji ba zai ƙi ba."

Alhaji ya mayar da ita cikin layi. Na ga hannun Kaka ya tashi. Ya bi ta kan layin a hankali, ya zo daidai kan shuɗin zanen, ya tsaya. Wallahi ya tsaya, wannan ba ƙari na yi ba. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi gyaran murya, ba da wata manufa ba, tari ne kawai. Sai hannun ya wuce, ya ɗauki Bawa mai gora.

"Wannan ta yara ce," in ji ta. Ta juya ta shige gida.

Ni na yi tsalle na cafke 'yar tsanar. Na ce ta uwata ce, na ce duk wanda ya taɓa ta sai na ƙone masa mota, na faɗi wasu abubuwan da ba a rubutawa. Kawu ya murɗe mini kunne har na ga taurari tun rana ba ta faɗi ba, yana ba Alhaji haƙuri. Na ƙwala wa Kaka kira. Daga cikin gida muryarta ta fito, a daidaice, kamar tana aikena sayen ashana:

"Sabi'u. Sake musu."

Na sake. A daren nan aka yi tuwo mai yawa, har da miya mai nama. Na ci. Wannan ma gaskiya ce, na ci har na lashe hannu, ina kuka ina ci.

Da sanyi ya dawo yara suka taru kamar kullum. Kaka ta hura wutar, ta ji ɗumi, ta ce kanta na ciwo. Gobe ma haka. Jibi yaran suka koma gidan mai talabijin. Gizagon ya yi tsatsa a kan katanga. Na ce mata to ba 'yar tsanar, amma ni ga ni, ta ba ni labarin haka nan. Ta ce, "Wa zan yi wa baki in na gama?"

Abin da ya biyo baya shi ne abin dariyar, in mutum yana da ƙarfin yi. Bayan 'yan watanni Alhaji ya dawo yana washe haƙora. Wai duk cikin kayan, marar bakin nan ce ta tayar da hankalin masu saye, kowa irinta yake so. Kawu ya roƙi Kaka ta yi wasu, ta ce idonta ya mutu. Sai ya ɗauko samari biyu masu gyaran ƙotar fartanya, ya kafa rumfa a bayan gida. Iccen da aka samu shi ake sarewa, ɗanye ko busasshe, tsakiya ko gefe, in ta tsage ma Alhaji ya ce ya fi. Ba yashi, ba man gyaɗa. A sassaƙa da safe, a binne a turken awaki ta sha fitsari, a tono a rataye a kan murhu ta sha hayaƙi, a shafe da dusar shayi. Cikin sati biyu 'yar tsana ta girmi kakan kakana. Duka doguwar wuya, duka bille a hagu, duka ba baki.

Kuma duka sai an yi musu baƙin tabo a haɓa, don masu saye sun ce in babu shi ba ta asali ba ce. Samarin suka yi ta gwadawa, Alhaji yana cewa ya yi girma, ya yi ƙasa. Sai Kawu ya tuna wanda ya yi na farkon. Yanzu duk ranar da ba lakwal ni ke zama da ƙusa a gaban wuta, ana miƙo mini uwata ɗaya bayan ɗaya ina yi mata tabo. Kawu yana nuna ni ga baƙi yana cewa, "Wannan gado ya yi." Da abin ake sayen geron gidan, da shi aka saya mini kaye da bik na rubutu a lakwal, don haka ban da bakin magana. Mun zama biyu ke nan, ni da 'yar tsanar.

Sau ɗaya na sake ganin ta gasken. Alhaji ya nuna wa Kawu hoto a wayarsa, na leƙa ta kafaɗa. Tana tsaye cikin akwatin gilashi a wani ɗaki fari fat, an haska mata fitila ita kaɗai kamar amarya. Na gane ta da tabon, don nawa na farko ya ɗan karkace. A ƙasa akwai rubutu da Faransanci, Alhaji ya ce in karanta musu tunda ni ne ɗan lakwal. Wai gunki ne na mutanen da, mata suna roƙonsa haihuwa, an hana shi baki don kada ya tona asirin masu roƙo, tabon haɓar kuwa wurin da ake ɗiga jinin yanka ne. Gunki. Aikin tsohuwar da ko tana zazzaɓi ba ta barin azumin Litinin. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, Alhaji ya ce yaron nan akwai raha. Ni da nake taƙama na fi kowa iya ƙarya a Matameye, ashe ko ajin farko ban gama ba. Ban faɗa wa Kaka ba.

Na daɗe ina juya labarin Bawa a kaina. Da farko na ce ƙwaron Kawu ne, tunda a cikin gida yake, kuma har tumbin ya yi. Na yi shekara ina kallonsa ina jin muryar nan, mun gode da ajiya. Daga baya na ga Kawu ya buɗe ƙofa ya ce a cire, ba a cire ba. Sai na koma jin haushin Kaka. Ita da ta sa muka yi wa Bawa dariya, ita ce ta rataye nata goran tana cewa saura kaɗan, saura kaɗan, tana shafa shi a ɓoye in kowa ya yi barci. Yanzu ina ɗan shekara goma sha bakwai, abin da nake gani shi ne ba daga waje aka cuce ta ba. Ranar da ta haifi 'yarta aka zuba mata so da kunya a gora ɗaya aka toshe, kuma a zauren nan na ga wanda ya cinye wani. Ban ce na yafe ba. Ita ta riƙe mutuncinta a gaban maza huɗu, ni kuma aka bar ni da tabo a yatsa. Amma na lura cikin duk abin da ke kan tabarmar, Bawa ta ɗauka, kuma Kaka ba ta taɓa ɗaukar abu da ka ba.

Bara da ciwo ya kwantar da ita, wata rana ina zaune a ƙofar ɗakinta ina kankare gindin tukunya da cokali, ina cin ƙanzo. Na ɗauka barci take. Sai na ji ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Waccan ma haka take. Ba ta barin ƙanzo."

Na ajiye cokalin a hankali kamar kada in kori tsuntsu. Na ce, "Sai kuma me, Kaka?"

"Ja mini ƙofar, maigida. Iska na shigowa."

Kaka ta rasu kafin ruwan shuka. Bawa yana wurina, a kan taga, bakinsa buɗe. 'Yar tsanar ba ta dawo ba, kuma ban san sunan garin da take ba. Abin da na sani game da uwata shi ne tana da bille a kuncin hagu, kuma tana son ƙanzo.